Daga Motar Kara Zuwa Tashar Jirgin Ƙaura: Yadda Za Ka Gina Ƙaramin Layin Dogo a Ɗakinka

  Masu saurare ta waya da masu jiran a rubuta su karanta saboda data ta yi tsada, duk ina gaishe ku. Mutanen Ƙaura, mutanen Shinkafi, mutanen Zurmi, da 'yan uwanmu da neman abinci ko rashin zaman lafiya ya kai Gusau da Kano da Abuja, Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Yau hira ce a kan wasa. Amma kar ka yi saurin wucewa, domin wasan nan akwai magana a cikinsa.

Bari in fara da tambaya. Kai da kake saurare, in shekarunka ba su kai 25 ba kuma a yankin nan ka tashi, ka taɓa ganin jirgin ƙasa ya shigo tashar Ƙaura Namoda da idonka? Na yi wa ƙannena wannan tambayar, su biyar. Ɗaya ya ce ya ga jirgi, amma a TikTok. Ɗaya ya ce ya san unguwar, nan suke bi in za su ƙwallo. Autarmu kuwa cewa ta yi: "Yaya, wai dama jirgi na zuwa Ƙaura?"

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Garin da jirgi ya ɗaga sunansa, yau 'ya'yansa na tambaya ko jirgi ya taɓa zuwa.

To ga tarihin a taƙaice. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Daga baya Turawa suka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya zo ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Tafiyar ta haura kilomita 200. Nan ne ƙarshen layi, babu gaba. Ba don son mu suka ja shi ba, don gyaɗa ne da auduga da fatu. Abin da aka noma a ƙasar Zurmi da Shinkafi da kewaye, a Ƙaura ake tara shi, a auna, a loda a tarago, ya kama hanyar teku. Kan jirgin na wancan lokaci da gawayin kwal yake aiki, kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, sai daga baya masu shan dizal suka karɓe su. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya da muka sani yanzu, a 1955 aka kafa ta. Yau kuwa an daɗe rabon da a ji kukan jirgin fasinja yana zuwa yana komawa, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa, kuma kowa na jin labarin yadda ake kama masu sace ƙarafan layin dogo a sassan ƙasar nan suna sayarwa a matsayin jari-bola.

Dattawan da suka ga abin da idonsu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In suka ƙare, ƙarfen ma ya ƙare, me za mu nuna wa na baya?

Wannan ne ya sa na fara abin da zan ba ku labari yau: gina ƙaramar tashar jirgi a kan katako, da dogonta da taragonta da gine-ginenta, komai daidai da na gaske amma ƙanƙane.

Kar wani ya ce wannan ai wasan Turawa ne. E, su suka mayar da shi sana'a. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, kuma har yau yana ƙera ƙananan jiragen ƙasa. A Ingila akwai Hornby, da ya fara fitar da nasa a 1920. A can za ka ga tsoho mai furfura, likita ko direba da ya yi ritaya, ya ware ɗaki guda yana gina gari da tasha shekara da shekaru. Amma mu ma fa ba baƙi ba ne a wannan fanni. Wa bai yi motar kara ba? Ka samo karan dawa, ka ɓare bayansa, ka yanka totuwar, ka soke, ka haɗa, ka yi taya da kwalbar magani ko tsohon silifa. Wa bai ja motar langa-langa ba, ko ta gwangwanin madara? Langa-langar nan ma ai ƙarfen ɗaure dilar auduga ne, wato kayan wasanmu ma daga cinikin da jirgi ya kawo suka samo asali. Hannun muna da shi tun muna yara. Abu ɗaya ne ya raba motar kara da abin da ake kai wa baje koli: awo.

To mu shiga darasi.

Abu na farko, ma'auni. In an ce ma'aunin abu 1:50, ana nufin kowace santimita 50 ta abin gaske ta koma santimita 1 a naka. Ka zaɓi ma'auni ɗaya tun farko, ka riƙe shi kamar alwala. Mutum, jaki, ƙofa, tarago, bishiya, duk da lamba ɗaya za ka raba su. Kuskuren da na fara yi ke nan: na yi ofishin tasha mai kyau, na kawo ɗan mutum-mutumi na roba na ajiye a bakin ƙofa, sai ga shi ya fi ginin tsawo. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan fasinja ne ko aljani?"

A duniya, ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, wato 1:87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa biyu milimita 16.5 ce. Akwai N, 1:160, mai tazarar milimita 9. Akwai OO na Ingila, 1:76. Amma ga wani sirri da ya shafe mu. Dogon HO kwaikwayon babban layi ne mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu na Ƙaura kuwa siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067. Ɗauki kalkuletar wayarka ka raba 1,067 da 64. Za ka samu 16.7. Ka ga ke nan dogon HO, wanda ya fi kowane sauƙin samu, ya yi daidai da layinmu in ka gina komai a kan 1:64. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Mutanen New Zealand, da layinsu yake da faɗi ɗaya da namu, haka suke yi. Ƙarin garaɓasa: yawancin ƙananan motocin wasa irin su Hot Wheels kusan 1:64 ne, sai ka samu motar da za ka ajiye a bakin tasha ba tare da wahala ba.

A 1:64, mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama santimita 2.7. Ƙofa mai mita 2 ta zama santimita 3 da ɗan ɗoriya. Gini mai tsawon mita 20 ya zama santimita 31.

In kuwa ba ka da niyyar sayen komai daga waje, da hannunka za ka yi dogo da taya da komai, to shawarata ka ɗauki 1:50. Lissafinsa ko a ka za ka yi: mita ɗaya santimita biyu. Tazarar dogonka ta zama milimita 21. Shi ke nan. Ni da shi na fara, kuma shi nake ba duk wanda aljihunsa irin nawa ne.

Abu na biyu, je ka ga abin da idonka, amma da hankali. Wannan maganar ina so a saurare ta da kyau, domin a Zamfara muke, ba a Jamus ba. Saurayi ya tsaya a gefen dogo da tef ɗin awo yana ɗaukar hoto, mutane biyu za a ɗauke shi: ko ɓarawon ƙarfe, ko mai kai rahoto daji. Kowanne daga ciki na iya ja maka abin da ba ka shirya ba. Ni kaina sai da wani mai gadi ya tsare ni kusan awa guda yana jujjuya littafina, ya ga zane da lambobi ya ce in faɗa masa wa ya aiko ni. Allah ya taimake ni wani dattijo da ya san mahaifina ya zo wucewa. Kuma gaskiya ban ga laifin mai gadin ba, laifina ne da ban yi sallama ba.

Saboda haka: ka fara da mai unguwa. Ka gaida ma'aikatan wurin, ka faɗi sunanka da na gidanku, ka nuna musu hoton irin abin da kake son ginawa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ka je da rana, ka je da wani babba. Kuma don Allah kar son gada ko kwalbati ya sa ka bi dogo ka fita bayan gari. Babu samfurin da ya kai ranka. Abin da ba ka iya zuwa, ka duba shi ta hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, akwai ma wurin auna tazara a ciki.

Wajen awon gini ba sai ka hau rufi ba. Ka yanki sanda mai tsawon mita ɗaya daidai, ka jingina ta da bango, ka ja baya ka ɗauki hoton ginin ta gaba sak, ba a karkace ba. In ka koma gida, sandar nan ita ce rularka: bango ya yi sanda nawa a tsaye, nawa a kwance. Tsawon fili kuma ka auna da taku, bayan ka san tsawon takunka.

Sannan mafi muhimmanci, ka zauna da tsofaffi. Hoto zai nuna maka abin da ya rage, su za su faɗa maka abin da ya ɓace. Ka tambaye su: ina ake tara buhuna? Ina masu abinci ke zama? Wane launi taragon fasinja yake? Ka ɗauki muryarsu a waya in sun yarda.

Abu na uku, katakon da za ka gina a kai. Kar ka fara da babba. Falankin filawud da kafintoci ke sayarwa ƙafa 8 ne da ƙafa 4. Ka sa a yanka maka ƙafa 4 a tsawo, faɗi kamar santimita 40, a buga masa firam ta ƙasa da siraran katako don kar ya lanƙwashe da damina. Wannan girman zai shiga Keke Napep, zai shiga ƙarƙashin gado. In ka gama ɗaya ka ƙara wani ka jona.

A nan Ƙaura ta yi mana gata. Yawancin masu farawa suna son jirgi ya riƙa zagaye kamar jakin niƙa, kuma zagaye na cin wuri, a HO sai ka tanadi faɗin kusan mita guda kafin kwanar ta yi daɗi. Mu kuwa tasharmu ƙarshen layi ce. Jirgi ya shigo, ya sauke, ya ɗauka, ya koma ta inda ya fito. Dogo miƙaƙƙe da 'yan rassa biyu ko uku ya wadatar, kuma shi ne gaskiyar wurin. Sai dai ka sani ba za ka iya sa komai ba. Fili mai mita 300, a 1:64 ma sai ya ci kusan mita 5. Dole ka taƙaita: ka zaɓi ofishin tasha, dakalin fasinja, sito ɗaya, bishiya biyu. Gine-gine a kan ma'auni, tazarar da ke tsakaninsu kuwa a matse.

Abu na huɗu, dogo da taya. Nan ne ake kuka. In dogo bai daidaita ba, duk kyan da ka zuba banza ne, jirgi zai yi ta faɗuwa. Dabarar ita ce ka yi wa kanka ɗan ma'auni: guntun katako mai tsaga biyu, tazararsu daidai da faɗin dogonka. Duk inda za ka manna ƙarfe, ka ɗora shi a kai tukuna. Ƙarafan dogo za ka iya yi da siririn katako da aka goge, ko miƙaƙƙiyar waya mai kauri, ko ƙarfen tsohuwar lema. Na gicciye kuma da tsinken ashana ko sandar alawa da aka yanka daidai wa daida.

Tayar jirgi ba irin ta mota ba ce, tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta sauka daga dogo. Ka haɗa maɓallin riga biyu, babba da ƙarami, ka manne su, babban ta ciki, ƙaramin shi ke hawa dogo. Gatari kuma spok ɗin keke ko na babur, ya bi ta cikin bututun biro. Kowane tarago ka sa masa ɗan nauyi a ƙasa, noti ɗaya ko biyu, saboda tarago marar nauyi tsalle yake yi. In za ka yi hawa, kar ya wuce santimita 2 zuwa 3 a cikin kowace santimita 100.

Abu na biyar, wuta. Jiragen HO na kanti suna shan wutarsu ta cikin dogo, bolt 12. Wannan tsarin ba ya shiri da ƙura, kuma kun san hunturunmu: kwana biyu dogo ya yi fari fat, jirgi ya fara shaƙewa. Ga mu nan, ya fi sauƙi batir ya zauna a cikin kan jirgin ko a taragon da ke bayansa. Ɗan injin nan da ke cikin mataccen DVD ko tsohuwar rediyo mai kaset, wanda yara ke cirewa su yi fanka, shi ne injinka. Batir biyu na tocila sun ishe shi. Amma kar ka haɗa shi da taya kai tsaye, zai tashi kamar an koro shi. Ka sa ƙaramar kwarkwaro a bakin injin, babba a jikin gatari, ka haɗa su da robar ɗaure kuɗi, gudun zai sauka, ƙarfin ya ƙaru. Jirgin da ke tafiyar kilomita 40 a awa, a 1:50 santimita 22 kacal zai ci a daƙiƙa. Tafiyar kasaita, ba ta ɗan acaɓa ba.

Gargaɗi: kar ka kuskura ka kawo wutar NEPA kai tsaye kan katakon nan. Yara ne za su kewaye shi. Kuma batirin tsohuwar kwamfuta ko na fawa bank, in ba ka san kansa ba ka bar shi, yana kamawa da wuta.

Abu na shida, ƙasa da gine-gine. Nan ne za ka ji daɗin zama ɗan Zamfara, domin abin da Bature ke saye a leda, kai a ƙofar gida yake. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo: yashi ne, ka tankaɗe da rariya, ka ɗauki tsaka-tsakin. Ka zuba, ka daidaita da tsohon buroshin haƙori, ka fesa ruwa kaɗan ya jiƙe, sannan ka ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun ruwa ɗaya don ya ratsa. Ka bar shi kwana guda. Zai bushe kamar dutse amma ido zai ga kamar a zube yake. Ƙasar fili kuma, ainihin jar ƙasar garinku, a daka a tankaɗe. Babu fentin da zai ba ka wannan launin.

Bango: kwali mai kauri, a shafe da farin gam da aka cuɗa da ƙasa mai laushi. Rufin kwano: ka yanka gwangwanin lemo, ka shimfiɗa a kan tsinken tsintsiya da aka jera, ka bi da bakin biro marar tawada, zai fito da tudu da kwari. Bishiya: ka fiƙe tsohuwar wayar wuta, ka murɗa siraran jan ƙarfen su zama gindi, ka raba su su zama rassa, ka manna soson katifa da aka yayyaga aka rina. Kuka gindi ƙato rassa gajeru, dogon yaro ganye cunkus. Buhunan gyaɗa: ka mulmula laka, kowane kamar ƙwayar wake babba. Kar ka yi amfani da waken gaske, na gwada, ƙwari suka cinye mini dala guda cikin wata biyu. Haka ma gam ɗin kullu ko na rogo, gayyatar kyankyaso da ɓera ne. Kuma sufa gulu na cinye farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, kar ka haɗa su.

In ka gama, ka tsufar da shi. Sabon abu fes ba ya kama da gaskiya. Garin gawayi kaɗan a saman kan jirgi, jar ƙasa a ƙasan bango inda ruwan sama ke fallatsa, ruwan tsatsa a rufi. Sannan ka ɗinka masa murfi na leda mai kauri, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

To, mun gina. Sai ina? Sai baje koli, domin abin da aka ɓoye a ɗaki bai amfani kowa ba.

Wanda ya fi kowane girma a duniya yana birnin Hambug na Jamus, sunansa Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001. A ma'aunin HO yake, tsawon dogonsa in an haɗa ya haura kilomita 16, jirage sun fi 1,000, kuma duk minti 15 ake yin dare gari ya waye a ciki. Har filin jirgin sama gare su da jirage ke tashi suna sauka. Ranar da ka samu data ta dare, ka neme shi a YouTube. Amma ka kalla don ka koya, ba don ka raina naka ba. Su ma abin da suka yi shi ne sun gina garinsu da ƙasashen da suka sani. Babu Ƙaura a ciki. Babu kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. In ba mu gina ba, babu mai gina mana.

A gida Najeriya, in hanya ta kai ka Legas, akwai Jaekel House a harabar reluwe ta Ebute Metta, tsohon gida ne da aka mayar ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa, da hotuna da kayan aikin da. In Jos ka je, a wajen gidan tarihi akwai tsofaffin kawunan jirgi na ƙaramin layin da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. Sannan kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a Kaduna da ta Kano, da gasar ƙungiyar JETS ta makarantun sakandare, duk wurare ne da matasa ke kai abin da suka ƙera. Mu nan ma muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura tun 1983, cike da ɗaliban injiniya. Ka yi abota da su, akwai abin da za ka koya.

In ka je kallon aikin wani, ga ladubba. Hannu a aljihu, kar ka taɓa, abin da ka karya cikin daƙiƙa wata uku aka yi ana yinsa. Ka nemi izini kafin hoto. Ka durƙusa idonka ya zo daidai da dogo, a nan za ka ga ko aikin ya yi, ba daga sama ba. Ka roƙi a nuna maka ƙarƙashin katakon, wayoyi da dabaru duk a can suke. Kuma kar ka tambayi "nawa ka kashe?" Ka tambayi "me ya fi ba ka wahala, yaya ka yi da shi?" Wannan tambayar ita ke buɗe bakin mai sana'a.

In kai ne mai nunawa: ka rubuta kati da sunan wurin, da shekarar da kake kwaikwayo, da ma'auni. Ka ja igiya taku ɗaya daga tebur. Ka zo da gam da batir na ko-ta-kwana, domin sai abu ya ɓalle a hanya. Ka kuma ba mutane abin yi. Akwai wani wasa da masu wannan harka suka daɗe suna yi: rassan dogo uku, ɗaya na ɗaukar tarago 5, biyu na ɗaukar 3 kowane, tarago 8 gaba ɗaya. A zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a, a ce ka jera su bi da bi da kan jirgi kaɗai, ba ɗagawa da hannu. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Wallahi ya fi ludo cin lokaci.

Kuma ba sai an jira gwamnati ta shirya ba. Aji ɗaya a makarantar unguwa lokacin hutu, da izinin hedimasta, tebur huɗu, ya isa. Mai motar kara ya kawo, mai jirgin sama na kwali ya kawo. 'Yan mata ma, don Allah kar a bar ku a baya. Bishiyoyin da ke kan nawa duk autarmu ce ta yi su, hannunta ya fi nawa natsuwa nesa ba kusa ba.

Bari in rufe da abin da ya faru ranar da na fito da nawa tsakar gida. Kawun mahaifiyata, tsoho ne da ya yi dako a tasha yana saurayi, aka kamo hannunsa aka kawo shi. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Na matsu, na ce, "Baba, ya yi kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, ginin ya yi. Amma wanga wuri da ka bari fili, ba fili ba ne. Nan jakkai da raƙuma ka tsayawa in sun kawo kaya. Nan mata ka saida fura da tuwo. Lokacin da munka yi aiki nan, ko wurin aje ƙafa ba ka samu. Kai ka gina tasha, ba ka sa mutane ba."

Sai ya ja kujera ya zauna, ya fara nuna wurare da sandarsa, yana kiran sunayen abokan aikinsa, yawancinsu sun rasu. Yaran unguwa da suka zo kallon jirgi suka bar jirgin suka kewaye shi. Har aka kira magariba bai gama ba. Mu da muke gida ɗaya da shi shekara da shekaru ba mu taɓa jin waɗannan labaran ba, don ba mu taɓa ajiye masa abin da zai nuna da sanda ba.

Yanzu haka jakuna nake mulmulawa. Na yi 11, saura raƙuma.

Ana gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, nan maƙwabtanmu. Muna fatan wata rana a tuna da namu. Kafin nan, aikin da nake ba ku na wannan mako ƙarami ne: ka nemi tsoho ɗaya a gidanku ko unguwarku da ya taɓa shiga jirgi daga Ƙaura, ka tambaye shi abin da ya gani, ka rubuta. Sannan ka yanki kwali ka gina tarago ɗaya tak, a 1:50. Ka turo hotonsa, ko ya karkace, za mu duba tare a shiri na gaba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya nuna mana ranar da za mu ji kukan jirgi a Ƙaura da kunnenmu.